Ntonso, garin da ake buga magana a jikin zane

Duk wanda ya zauna a Kumasi ya san hanyar Mampong. In ka bar Tafo, ka wuce Pankrono inda ake ginin tukwane, ka wuce Ahwiaa inda masassaƙa ke jera kujerun sarauta a bakin titi, ka ɗan ƙara gaba, sai ka fara hango zannuwa a shanye, baƙaƙe da jajaye. To ka iso Ntonso ke nan. Tafiyar kamar kilomita 20 ce daga cikin gari, amma ni da aka haifa a Aboabo sai da na shekara 15 ban taɓa taka garin ba. Makaranta ce ta kai mu.

Kuma da ƙyar na je. Muna aji uku na ƙaramar sakandare, malamarmu ta darasin zane da ƙirƙira ta ce kowa zai yi aikin hannu guda ɗaya da zai gabatar a ƙarshen zango, kuma kafin nan za mu je mu ga yadda ake buga adinkra. Malamin Twi shi ma ya jingina nasa aikin a kai, ya ce kowa ya kawo alama biyar da karin maganar da ke bayan kowace. Na kawo wa Baba takardar sa hannu da batun kuɗin mota bayan sallar isha'i. Ya juya takardar, ya sake juya ta.

"Uwata, wai ni in tambaye ki, zanen nan ci ake yi ko sayarwa?"

Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Baba, maki ake bayarwa."

"Na sa ki boko ne ki iya lissafi, ki riƙe mini littafin shago. Ban da haka ma, kayan makokinsu ne fa. Ke da hijabinki me zai kai ki?"

Baba ɗan goro ne, gado ya yi. Kakansa ya zo daga Kano cikin ayarin fataken Gwanja, ya zauna a Salaga, da rikicin 1892 ya watsa kasuwar garin sai zuriyar ta yi ta gangarowa har ta tsaya a zangon Kumasi. Abin da ba a awo ko ƙirge da shi, Baba ba ya ɗaukarsa sana'a. Umma ce ta kwance bakin zaninta ta ba ni kuɗin daga cinikin koko da ƙosai. Shi kuma ya sa hannu da safe, bai ce mini komai ba.

Abin da ya fara tarar mu a Ntonso hayaƙi ne da wani wari mai ɗaci-ɗaci, irin na gidan da ake dafa sassaƙe. Sassaƙen ne kuwa. Wani dattijo ya karɓe mu a ƙarƙashin rumfa, kowa na ce masa Nana. Na riƙa danne dariya, don a gidanmu Nana sunan mace ne, a wurinsu kuwa girmamawa ce ga tsoho ko basarake. Ya nuna mana tulin ɓawon itacen da suke kira badie. Jiƙa shi ake yi, a kirɓa a turmi har ya yi laushi, a zuba a ganga a yi ta dafawa, a tace, a sake mayar da ruwan kan wuta har ya ƙone ya yi kauri, baƙi ƙirin kamar kwalta. Ya ce mutanen da har kashin maƙera suke jefawa a ciki don baƙin ya ƙara kamawa. Aka miƙa wa 'yan ajinmu taɓarya ɗaya bayan ɗaya. Yaran da fufu kawai suka sani suka riƙa dirkawa da ƙarfi ɓawon yana tsalle waje. Da aka zo kaina na yi masa dakan gero irin na Umma, dattijon ya ce in ci gaba, kada in ba kowa.

Hatimin da ake bugawa da shi, da sakaina ake yin sa. A samu ƙwarya mai kauri, a yanki ɓalli kamar tafin hannun yaro, a sassaƙa alamar a bayanta da 'yar wuƙa, a kafa tsinkaye a ciki a ɗaure kawunansu wuri ɗaya su zama mariƙi. Saboda bayan ƙwarya a lanƙwashe yake, ba a danna shi tsaye, mirgina shi ake yi daga gefe zuwa gefe. Kafin bugu kuma sai an shimfiɗa ƙyallen a kan katako, an tsoma wani mataji na itace a tawadar an ja layuka, an raba shi gida-gida. Ina ganin gidajen nan sai allon zayyanar yayana ya faɗo mini a rai, da hatimin da malamai ke zanawa. Daga baya malamarmu ta ce akwai masana da ke ganin alaƙa tsakanin tsarin adinkra da layun da Musulmi suka riƙa rubuta wa sarakunan Asante, irin waɗanda ake ɗinkawa a rigar yaƙi.

Nana ya ba mu labarin da kowa ke bayarwa, cewa sunan ya fito ne daga Kofi Adinkra, sarkin Gyaman ta wajen Kwaddebuwa ta yau, wanda Asantehene Osei Bonsu ya ci da yaƙi a 1818. A mota muna dawowa malamarmu ta jefo mana tambaya. Ta ce akwai zanen adinkra a gidan tarihi na Landan wanda wani Bature mai suna Bowdich ya samu a Kumasi a 1817. To yaya aka yi zanen ya riga yaƙin da aka ce shi ya kawo shi? Ba ta ba mu amsa ba, ta ce mu je mu yi ta tunani. Har yau ina jin haushin wannan, amma tun daga ranar in na ji labari sai na tambayi shekara.

Bari in koma rumfar, don a nan abin ya faru. Hatimai ne zube cikin faranti, sun fi a ƙirga, Nana yana ɗauka ɗaya-ɗaya yana faɗin suna. Ga Gye Nyame, wadda kowa ya sani don har a bayan kujerun roba tana nan. Ga Sankofa, tsuntsu mai waiwaye. Sai ya ɗago wata ya ce, "Kramo bɔne." Kramo shi ne Musulmi a bakinsu, bɔne kuwa mugu. Wallahi sai na ji idon ajin nan duka a kan hijabina. Mu uku ne Musulmi a ajin, ɗaya bai zo ba, ɗayan kuma ya sunkuyar da kai. Wani yaro ya yi 'yar dariya.

Nana ya dube shi har sai da ya yi shiru, sannan ya ƙarasa karin maganar: mugun malami shi ya sa ba a gane na kirki. Ya ce gargaɗi ne a kan yaudara da munafunci, kuma wanda bai taɓa zama da na kirkin ba ai ba zai yi wannan magana ba. Sannan ya juyo gare ni da Twi.

"Jikata, me mahaifinki yake yi?"

"Goro yake sayarwa, Nana."

Ya tona farantin ya ciro wani hatimi ya sa mini a hannu. Ƙwayoyi ne huɗu a haɗe wuri guda. Ya ce sunanta bese saka, wato curin goro, alamar arziki da yalwa da cinikin da ke haɗa mutane. Ya ƙara mini da wata mai suna nsaa, sunan wani bargo mai tsada da fatake ke kawowa daga arewa. Karin maganarta ita ce, wanda bai san nsaa na gaske ba shi ke sayen jabu. Na tsaya riƙe da sakaina biyu, ina tunanin sau nawa na ji Baba yana faɗa wa yaran shago kusan wannan maganar a kan goron da aka yi wa ado a saman huhu.

Da zan tafi na tambayi Nana ko a dajin nan suke saran badie. Ya ce a'a, itacen ba na kurmi ba ne, daga arewa ake kawo musu ɓawon. Na roƙi ɗan guntu na sa a jaka.

Kada in yi muku ƙarya, ba duk garin ne ke wannan wahala ba. Yawancin zannuwan da muka gani a shanye da fentin kanti aka buga su, ta cikin wani firam mai kama da rariya, don ya fi sauri kuma yana jure wanki. Tawadar badie ba ta son ruwa, zanen da aka yi da ita ba a wanke shi. Masu saye kuma yanzu mai wankuwa suke so, balle masu zuwa makoki kusan kowace Asabar.

A gida na ajiye guntun ɓawon a gaban Baba ban ce komai ba. Ya ɗauka, ya shinshina, ya ɗan ɓantara ya tauna.

"Ina kika samo kirni?"

Na ba shi labari. Ya tambayi ma'anar Gye Nyame, na ce "sai Allah". Ya ce, to ai mu ma abin da muke faɗa ke nan. Maganar mugun malami kuwa dariya ta ba shi har da tari. Da na zo kan bese saka sai ya yi tsit, can ya ce in sake zana masa ita a bayan littafin shago.

Aikin nawa na yanke shawarar in haɗa curin goro da dagi, irin wanda ke jikin rigunan Baba da bangon gidajen Kano. Umma ta sadaukar da tsohuwar ƙwaryar koko. Dagi ya ba ni wuya ƙwarai. A ido abu ne mai sauƙi, amma sai ka zo sassaƙawa za ka gane zare ne yake shiga yana fita, in ka ɓata mahaɗa ɗaya duk ya rushe. Sakaina uku na fasa, na yanki babban yatsana sau biyu. A nan na fara amfani da ma'aunin kusurwa da son raina, abin da malamin lissafi ya yi shekara biyu yana fama da ni a kai. Sannan na yi wauta. Na sassaƙa kalmar GORO yadda ake rubuta ta, da na buga sai ta fito a juye. Umma ta leƙo ta ce, "Ai shi ke nan, kin yi wa boko ajami, daga dama za a karanta." Sai da na sake wata, ina duba madubi.

Aikin Twi ma ya zo da nasa rikicin. Bayan alamomi biyar ɗin, malamin ya ce mu tattaro kalmomin aro da ake ji a kasuwa. Na kawo waakye daga wake, koose daga ƙosai, kooko daga koko, tuo zaafi daga tuwon zafi, zongo daga zango, da kaya da ke cikin kayayei, 'yan matan da ke dako a Kejetia. Wata ƙawata ta rantse waakye Twi ne tun kaka da kakanni. Na ce to ta faɗa mini ma'anarsa da Twi. Ba mu yi magana ba har aka tashi.

Abin ya ɗan sosa mini rai ta wani gefen. A makarantun Ghana ana koyar da Twi, da Ga, da Ewe, da Dagbani da wasu, ana jarrabawa a kansu, amma ban da Hausa, duk da gidan rediyon ƙasa yana labarai da ita. Hausarmu ta zango kuma in muka je Kano dariya ake mana, don muna cewa "mace ya zo". Umma Bakanuwa ce, ita ta tsare mu da "ta" da "ya" tun muna ƙanana, ita ce kuma ta duba mini wannan rubutun. A makaranta ni 'yar Hausa ce, a Kano 'yar Gana. Ranar da na tsaya gaban aji ina karanta jerin kalmomin nan, ita ce rana ta farko da na ji an yi shiru ana sauraron Hausa a ɗakin.

Zanen bai zo na ɗaya ba. Malama ta ce layukana sun karkace, tawadar kuma ta yi ruwa a gefe guda, gaskiya ta faɗa. Da aka dawo mana da kayanmu na ninke shi na sa a akwati. Bayan kwana biyu na neme shi na rasa.

A shagon Baba na same shi, an kafe shi da ƙusa a bango, sama da huhunan goro. Na ce, "Baba, kada fa ruwan da kuke yayyafa wa goro ya taɓa shi, zai zuba." Ya sa yaro ya ƙara ɗaga shi sama. Matan Asante da ke kawo masa goro daga ƙauye suna shigowa su nuna su ce bese saka, shi kuma ya nuna dagin ya yi musu bayani da Twinsa ta kasuwa, kai ka ce shi ya sassaƙa.

Yanzu ga takardar zaɓen babbar sakandare ta zo, wadda ake cikewa a nuna makaranta da sashen da ake so. Ni sashen zane nake so, Baba yana kan kasuwanci. Ya ce zane ado ne, ado kuma sai ciki ya cika. Na ce masa mutanen Ntonso da shi suke ci. Ya ce su nawa ne, kuma ba ni da kaina na ce fentin kanti ya cinye kasuwar ba? Ban sami amsa ba. Takardar tana kan firji, Umma ta ɗora mata kofi don kada fanka ta ɗauke ta. Jiya dai wani direban da ke zuwa Tamale ya sauke ƙunshi a ƙofar gida, ya ce saƙon Alhaji ne. Na kwance, ɓawon kirni ne, ya kai rabin buhu.