Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Masu Gudun Fanfalaki a Garin Duluth

Masu hikimar magana sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Duk wanda ya taɓa shiga gudun fanfalakin garin Duluth, a jihar Minnesota ta ƙasar Amurka, ya san gaskiyar wannan magana da ƙafafunsa, ko da bai taɓa jin ta ba. A ranar da sama ta washe, mai gudu yakan ɗaga kai tun da sauran tafiya mai nisa, ya hango wata doguwar gadar ƙarfe tsaye a bakin ruwa, wadda ake ɗaga tsakiyarta sama domin manyan jiragen ruwa su wuce. A kusa da ita ne ake kammala tseren. Da ya gan ta sai zuciyarsa ta ce masa an kusa. Yakan yi gudun sa'a guda bayan haka, ya sake ɗaga kai, ya tarar gadar tana nan inda take, kamar ba a matsa ba.

Duluth ƙaramin birni ne, mutanensa ba su kai dubu 90 ba. Yana zaune ne a kan gangaren tudu, a ƙarshen yammacin tafkin Superior, wanda a faɗin fuska babu tafkin ruwan daɗi da ya kai shi a duniya. An san garin da tashar jiragen ruwa masu ɗaukar tama da hatsi, da kuma sanyin hunturu mai shiga ƙashi. A shekarar 1977 wasu ƴan garin masu sha'awar guje-guje suka shirya tsere daga kusa da garin Two Harbors zuwa Duluth, a kan tsohuwar hanya mai lamba 61 wadda ta bi gefen tafkin. Wani sabon gidan abinci mai suna Grandma's ne ya tallafa musu da dala 600, shi ya sa har yau ake kiran tseren da wannan suna, wato tseren Kaka. Mutum 150 ne suka fito a wannan karo na farko, kuma wani ɗan yankin, Garry Bjorklund, wanda ya wakilci Amurka a wasannin Olamfik na 1976, shi ya zo na ɗaya. A yau dubban mutane ne ke tsayawa a bakin layi ranar wata Asabar cikin watan Yuni, a farkon lokacin zafinsu.

Mafi yawan waɗannan dubbai ba neman lambar yabo ya kawo su ba. Akwai malamar makaranta da ta haura hamsin, akwai ma'aikacin jinya da ya yi musayar kwanan aiki domin ya samu zuwa, akwai wanda likita ya gargaɗa a kan nauyin jikinsa shekara biyu da suka wuce. Wasu kuma suna neman su kammala cikin lokacin da zai ba su damar shiga tseren Boston, wanda galibi ba a shigarsa sai an nuna shaidar sauri. Kowannensu ya shafe wata huɗu ko biyar yana shiri. Wanda yake zaune a wannan yanki ya fara atisayensa tun cikin Fabrairu, yana gudu da asuba a kan ƙanƙara, fuska a naɗe. Ya hana kansa barcin safiyar hutu, ya bar iyalinsa suna jira, ya yi ta ƙara nisa mako bayan mako har ya kai kilomita 30 ko 32 a fita guda. Duk wannan wahala tana rataye ne a kan safiya ɗaya tak, wadda ba shi da iko a kan iskarta ko ranarta.

Tun ranar Juma'a garin yake cika ya batse. Masaukin baƙi ba ya isa, don haka ake buɗe ɗakunan kwanan ɗaliban jami'a, wasu magidanta kuma su ba da hayar gidajensu. Da yamma ana taruwa a babban zauren taron garin a ci taliya, domin a cika jiki da abinci mai ba da ƙarfi. Barci kuwa ba ya samuwa sosai. Da asuba motocin safa da jirgin ƙasa sukan kwashi masu gudu zuwa wurin farawa, kuma a wannan tafiya ce tsoro yake fara shiga. Mutum yana zaune yana kallon itatuwa suna wucewa ta taga, tafiya ta ƙi ƙarewa, sai ya tuna cewa duk wannan nisa da ƙafa zai dawo da shi: kilomita 42 da mita 195, tsawon da aka gada daga wasannin Olamfik na Landan na 1908.

Kafin ƙarfe takwas na safe an sallami jama'a. A nan ne jarrabawar gaske take, ko da yake ba ta yi kama da jarrabawa ba. Hanyar tana da laushi, hawa da gangarenta kaɗan-kaɗan ne. Tafki yana hannun hagu, daji yana hannun dama, iska mai sanyi tana busowa daga kan ruwa. Jiki ya huta kwana da kwanaki, ciki ya ƙoshi, kowa a gefe yana sauri. Mai gudu yakan duba agogonsa ya ga yana cin kowace kilomita da daƙiƙa goma ko goma sha biyar ƙasa da abin da ya tsara, amma ba ya jin komai. Sai ya ce wa kansa yau ranar sa'a ce, bari ya tara lokaci ya ajiye domin gaba. Tsofaffin hannu sun san wannan ajiya bashi ce, kuma mai bin ta yana zaune a kilomita ta 35 yana jira. Saboda haka sukan danne zuciyarsu, su bar yara da sababbin shiga su wuce su, abin da yake da ciwo ga mai jin ƙarfi a jikinsa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Bahaushe, amma riƙe sannu a tsakiyar dubban masu gaggawa aiki ne ja.

Dalilin wannan bashi a cikin jikin ɗan'adam yake. Jiki yana ajiye wani nau'in sukari a tsoka da hanta, wanda shi ne makamashin da yake saurin kamawa. Abin da mutum zai iya ajiyewa ba ya wuce na gudun kilomita 30 zuwa 35. Idan yana tafiya a hankali, jiki yakan haɗa da kitse, ajiyar ta ƙara jimawa. Idan kuwa ya matsa, sukarin ne ke ƙonewa da sauri. Sa'ad da ya ƙare, sai ƙafafu su yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi, tunani ya dagule, lissafi mai sauƙi ya gagara. Masu gudu suna kiran wannan hali karo da bango. Shi ya sa ake ganinsu suna tsotsar wani abu mai zaƙi daga ƴan ƙananan ledoji tun ba su ji yunwa ba, suna kurɓar ruwa a kowace tasha tun ƙishirwa ba ta zo ba. Ruwan ma da iyakarsa, domin wanda ya cika sha fiye da zufar da ya zubar yana iya tsinka gishirin jininsa, abin da kan kai mutum asibiti.

Sai kuma yanayi, wanda a Duluth fuska biyu gare shi. Ruwan tafkin yana da sanyi ko a watan Yuni. Idan iska ta taso daga arewa maso gabas, takan zo da hazo da sanyi, ta riƙa tura masu gudu daga baya har cikin gari. A irin wannan shekara ake kafa tarihi. Idan kuwa iskar ta juya ta fito daga tudu, rana takan buɗe, gumi ya hana zufa bushewa. Mai karatu da ya saba da zafin Yamai ko na Marwa zai yi dariya in an ce masa digiri 25 zafi ne. Amma jikin mai gudu murhu ne da kansa, kuma yanayin da ya fi dacewa da wannan tsere bai wuce digiri 10 ko kusa da haka ba. Ga shi kuma mutumin da ya yi atisaye cikin ƙanƙara jikinsa bai saba ba, alhali sabo da zafi yana bukatar kamar mako biyu. Masu shirya tseren sukan kafa tutoci a hanya domin gargaɗi: kore, rawaya, ja, sai baƙa idan haɗari ya kai matuƙa. Wanda ya ga launi ya sauya, dole ya yanke shawara mai ɗaci a tsakiyar hanya, ko ya rage gudu ya saki burin da ya yi wata biyar yana reno, ko ya nace ya yi caca da lafiyarsa.

Wajen kilomita ta 30 daji yakan ƙare, a tsallake kogin Lester, a shiga unguwannin gari ta titin London. Daga nan babu nisa sai hawan da ake kira Lemon Drop, sunan wani gidan abinci da ya taɓa zama a wurin. Wanda ya zo da mota ba zai ma kira shi tudu ba. Sai dai an ajiye shi ne daidai inda ajiyar jiki take ƙarewa, kusa da kilomita ta 35. A nan ake biyan bashin safe. Waɗanda suka wuce kamar iska sa'a biyu da suka gabata, ga su nan suna tafiya hannu a ƙugu, wani ya jingina da turken fitila yana miƙe tsokar da ta ɗaure. Ita kuwa dattijuwar da aka bari a baya tana tafe da ɗan gudunta wanda bai ƙaru ba bai ragu ba tun farko, tana wuce su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta waiwaya ba. Ba ta fi su ƙarfi ba, haƙurin da ta yi da safe ne take ci yanzu.

A wannan yanki ne kuma ƙanƙantar garin take zama alheri. A manyan birane tsere yakan zama abu ɗaya cikin abubuwa ɗari da ke gudana, wasu ma suna tsaki saboda an rufe musu hanya. A Duluth kuwa ranar ta gari ce gaba ɗaya. Magidanta sukan fito da kujeru ƙofar gida, wani ya jawo tiyo yana fesa wa masu wucewa ruwa, yara suna miƙa ƙanƙara da yankan lemo, makaɗa suna kiɗa a bakin titi. Dubban ƴan sa-kai ne suke tsaye tun asuba suna miƙa kofuna. Wanda ya rubuta sunansa a ƙirjin riga yakan ji baƙin da bai taɓa gani ba suna kiran sa suna cewa ya daure. Ga mutumin da tunaninsa ya taƙaita ga taku ɗaya na gaba, jin sunansa daga bakin wani yana iya hana shi zama a gefen hanya. Da yawa cikin waɗanda suke komawa shekara bayan shekara, wannan ne abin da suke tunawa fiye da lokacin da suka yi.

Su ma na gaba suna da nasu labarin. A 1981 Dick Beardsley, ɗan jihar Minnesota, ya kammala cikin sa'a 2 da minti 9 da daƙiƙa 37. Wannan tarihi ya tsaya shekara 33, sai a 2014 Dominic Ondoro na ƙasar Kenya ya rage shi zuwa sa'a 2 da minti 9 da daƙiƙa 6. Wani ɗan Kenya, Elisha Barno, ya lashe tseren sau huɗu a jere, daga 2015 zuwa 2018. Lokacin da irin waɗannan suke karɓar kyauta, mafi yawan jama'a ba su wuce rabin hanya da nisa ba. Gwani yana shan azabarsa cikin sa'a biyu da ƴan mintoci ya huta, na baya kuwa yana kan ƙafafunsa sa'a biyar ko shida, rana tana ƙara ɗagawa a kansa. Da wuya a ce ga wanda ya fi wani jimiri a cikinsu.

Ko bayan hawan Lemon Drop, hanyar ba ta gama wasa da hankalin mutum ba. Takan bi ta titin Superior a tsakiyar gari, sa'an nan ta gangara bakin ruwa. Gadar da aka daɗe ana hange ga ta nan kusa, ana jin muryar mai sanarwa, amma sai hanya ta karkata ta zagaya ta gefen wani tsohon jirgin dakon tama mai suna William A. Irvin, wanda aka mayar gidan tarihi. Lanƙwasa bayan lanƙwasa, mai gudu yana zaton wannan ce ta ƙarshe. Sai can layin ya bayyana a unguwar Canal Park. Wani yakan ɗaga hannu, wani ya fashe da kuka bai san dalili ba, wani kuma abin da ya fara yi shi ne danna agogo. Akan rataya masa lamba a wuya, a ba shi riga da ruwa. Wasu sukan taka da ƙyar zuwa bakin tafki su tsoma ƙafafunsu cikin ruwan sanyi.

Ba kowa yake isa ba. Akwai wanda motar kwasar gajiyayyu ta dawo da shi, yana zaune shiru, lambarsa tana manne a riga. Akwai wanda ya isa amma minti biyu suka raba shi da Boston, kuma ya san sarai inda ya zubar da su: can baya cikin daji, sa'ad da iska take da daɗi, jiki yake da sauƙi. Irin wannan mutum ba ya zargin tudu ko rana. Washegari yakan sauko daga matakala da baya-baya saboda ciwon cinya, ya shiga motarsa ya kama hanyar gida. Idan an buɗe rajistar shekara mai zuwa, sau da yawa sunansa yana cikin na farko-farko, kuma abin da ya ƙudurta bai wuce ɗaya ba: idan ya sake hango gadar daga nesa, zai sunkuyar da kai ya duba agogonsa, ya ci gaba da tafiyar da ya tsara.