Begen da Muke Yi a Ƙasar Gobir

Muna godiya ga shugabannin wannan zaure da suka ba mu filin wannan mako, alhali sun san mu Kiristoci ne, kuma maganar ta shafi addininmu. Ba wa'azi muka kawo ba. Kalma ɗaya ce ta daɗe tana damunmu, muka ga babu inda ya fi dacewa mu baje ta sai gaban masu sana'ar kalmomi.

Kalmar ita ce bege.

Idan Bahaushe ya ce yana bege, abin da ba ya tare da shi yake tunawa. Amarya tana begen gida, maraya yana begen uwa, ɗan ci-rani yana begen iyalinsa. Amma idan ka shiga coci ka ji an ce bege, gaba ake nufi: abin alherin da Allah ya yi alkawari, wanda ake jira da tabbaci ko da ido bai gan shi ba. Tun zamanin tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, wadda Likita Mila na Wusasa ya yi wa babban aiki, kalmar ta zauna a bakin masu bi da wannan ma'ana. Wasu masu fassara na baya sun fi son “sa zuciya”, kuma suna da hujja, amma tsofaffinmu ba su saki bege ba. Sai ga mu da kalma guda mai fuska biyu, ɗaya tana waiwaye, ɗaya tana hangen gaba.

A Sabon Birni da Isa wannan ya wuce maganar nahawu. A ƙarshen watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka afka wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa, suka kashe mutum sama da 70 a yini guda. A Disamba na 2021 suka tare mota kusa da Gidan Bawa, suka cinna mata wuta da fasinjoji a ciki, aƙalla mutum 23 suka ƙone. A 2024 suka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, duniya ta ga hoton bidiyonsa a ɗaure yana roƙo, a watan Agusta aka ji labarin rasuwarsa a hannunsu. Dubban mutanenmu sun tsallaka iyaka tun 2019, suna zaune a ƙauyukan jihar Maraɗi, wajen Gidan Rumji. Mu Kiristoci 'yan ƙalilan ne a wannan yanki, kuma kusan duk waɗanda aka binne Musulmi ne. Amma maƙwabtanmu ne, abokan cinikinmu ne, da su muka yi makaranta, wasu ma kaka ɗaya ta haifi iyayenmu. Mun zauna a tabarmar gaisuwarsu, sun zauna a tamu. Harsashi ba ya tambayar inda mutum yake sujada.

To, ga inda abin yake mana nauyi. Duk ƙarshen shekara, a addu'ar shiga sabuwar shekara, akwai wuraren da masu wa'azi ba sa tsallakewa. Za a buɗe Ishaya sura ta 43, inda ake gaya wa mutanen da aka kwashe bauta su daina riƙe al'amuran dā domin Allah yana shirin sabon abu. Za a buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa, inda ya kwatanta kansa da mai tsere wanda ba ya waiwaye. Daga nan sai mai wa'azi ya ɗaga murya ya ce kowa ya manta da abin da ya wuce. A wani gari wannan magana tana da daɗin ji. A wurinmu kuwa sai ka ga matar da ke kusa da kai ta sunkuyar da kai. Wane abu ne ya wuce? Gonarta tana nan ba ta nomuwa. Wanda ya kashe mijinta yana nan da ransa, har yana aza wa ƙauyensu haraji kafin a yi girbi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗakin nan har yau ruwa yake zuba. Ce wa irin wannan baiwar Allah ta manta, a ganinmu, ƙarin nauyi ne: bayan rashin da ta yi, an kuma sa ta zargin kanta da ƙarancin bangaskiya.

Mu Gobirawa ma ba a san mu da mantuwa ba. Mutanen da suka tsaga tarihinsu a kumatu, shida da bakwai, ta yaya za ka ce musu su manta? (Abokan wasanmu Yarabawa za su ce taurin kai ne, mun ji, mun kuma yafe.) Amma dubi yawan garuruwan da muka bari a baya. Daga Azbin aka gangaro, aka zauna Birnin Lalle, aka kafa Alƙalawa a bakin gulbi. A 1808 Alƙalawa ta faɗi a hannun mayaƙan jihadi, aka kashe Sarki Yunfa. A 1836 aka sake karya Gobirawa a Gawakuke, waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri, wadda yau take cikin Nijar kusa da Maraɗi. Daga baya Ɗan Halima ya rabu da 'yan uwansa na Tsibiri, ya sasanta da Sakkwato, ya dawo kusa da kufan kakanninsa ya kafa gari. Bai sake gina Alƙalawa ba. Sabon Birni ya kira garinsa, kuma sunan bai canza ba ko da garin ya haura shekara 100 da tazara. Kufan Alƙalawa yana nan cikin ƙaramar hukumarmu, ana kai ziyara, ana nuna wa yara. Ba a koma ba, ba a kuma manta ba.

Abin da ya fi taimaka mana wajen gane wannan, a gona muka same shi, can ƙetaren iyaka. Ƙungiyar mishan ta SIM ta daɗe a ƙasar Maraɗi, tana da tasha a Tsibiri, da asibitin kutare a Danja, da babban asibiti a Galmi. A farkon shekarun 1980 ta kawo wani matashi ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, don aikin dashen itatuwa. Aikin ya ƙi. A dasa, rana ta ƙona, akuya ta cinye, gara ta ƙarasa. Shi da bakinsa ya ba da labarin wata rana a 1983 da ya tsaya rage iskar tayar motarsa saboda yashi, ransa a ɓace, ya yi addu'a, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a gefen hanya. Da ya duba ganyen sai ya ga ashe itace ne da aka sare, kututturen yana ta fitar da toho, saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Gonakin cike suke da irinsa, sabara da kalgo da sauransu, waɗanda manomi ke sassabewa ya ƙone duk shekara kafin damina.

Dabarar ba ta da wuya, kuma manoma sun san irinta tun kaka da kakanni. Kututture yakan fitar da rassa barkatai, ashirin ko fiye, kowanne yana jan ruwa, babu mai girma. Sai manomi ya zaɓi 'yan kaɗan masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran, ya riƙa dawowa yana gyarawa. Da yake saiwar tsohuwa ce mai zurfi, cikin 'yan shekaru reshe ya zama itace. A can suna kiran abin sassaben zamani. Da farko dariya aka yi wa Baturen. A yunwar 1984 mutane suka karɓa domin ana ba da abinci a kan aikin, da abincin ya ƙare da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bari su ne suka ga gero ya fi kyau, ga itacen girki, ga ganyen dabbobi, maƙwabta suka kwaikwaya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta haka a Nijar sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta duniya tare da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Littafin Ayuba sura ta 14 ya yi maganar itacen da aka sare ya sake toho da zarar ya sansana ruwa, kuma masu wa'azi suna son wurin. Sai dai galibi ba sa ƙarasawa. Ayuba cikin ɗaci ya faɗi maganar: yana nufin itace ya fi mutum sa'a, domin mutum in ya faɗi ba ya sake toho. Muna ganin ya kamata a riƙa karanta wa masu makoki wurin har ƙarshensa, su san cewa Littafin bai hana su kuka ba. Amsar da bangaskiyarmu ta ba Ayuba ita ce tashin Almasihu daga matattu, kuma marubutan Bishara sun kula da wani abu: da ya tashi, tabon ƙusa yana nan a hannunsa, har ya nuna wa almajiransa. Sabon rai ne, amma da tabonsa.

Saboda haka idan muka ce a saki abin da ya wuce, sassaben zamani muke nufi. Saiwa tana nan: sunayen matattu, ranakun da abin ya faru, haƙƙin da ke kan hukuma na kama mai laifi ta hukunta shi. Yafewa ba ta soke shari'a, kuma duk wanda ya ce wa gwauruwa ta yi shiru da sunan gafara don a rufa wa wani babba asiri, ya ci amanar kalmar. Abin sarewa shi ne rassan da suke fitowa daga ciwon suna shanye ruwan rai. Babba a cikinsu ramuwa. Mun ga aikinta a Oktoba na 2021: 'yan sa-kai suka kashe Fulani a kasuwar Mamande ta Gwadabawa, ba a jima ba aka buɗe wuta a kasuwar Unguwar Lalle, sannan a kasuwar Goronyo aka kashe mutum sama da 40. Waɗanda suka mutu a kasuwannin nan duka masu saye da sayarwa ne. An ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, amma ba a faɗi kan wanda zafin yake sauka ba.

Akwai wani reshen da ya fi wuyar gani, shi ne ka wayi gari ba ka iya kallon Bafulatanar da ta kawo nono ba tare da gabanka ya faɗi ba, alhali ita ma an kwashe shanun gidansu, ita ma gudun hijira take yi. Wannan ba ya saruwa sau ɗaya. Ka sare yau, mako mai zuwa a kawo labarin sabon hari, ya sake fitowa. Da Bitrus ya tambayi Yesu sau nawa za a yafe, lissafin da aka ba shi ya fi ƙarfin yatsu, kuma manomi ba zai yi mamakin haka ba, ya san gyaran itace na kowace shekara ne.

Mu ma muna da namu littafin bashi, kada a ɗauka nasiha muke yi wa wasu. A Janairu na 2015 an ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, a 2019 an ƙona ɗaya a Maraɗi, kuma 'yan uwanmu ne suke sujada a cikinsu. Shugabannin ikilisiyoyin suka fito suka ce sun yafe, aka share toka, aka ci gaba da sujada, aka sake gini. Wanda ya zauna da su ya san cewa faɗin kalmar bai ɗauki minti guda ba, amma cika ta ya ci shekaru, wasu har yau suna kai.

Ga ku marubuta, wannan ne dalilin da ya sa muka kawo maganar nan. Labaran da muke rubutawa a kan rikicin nan sukan ƙare ɗayan biyu: ko dai mugu ya gamu da mummunan ƙarshe mai karatu ya ji sanyi, ko kuma a shafi na ƙarshe wadda aka zalunta ta share hawaye ta ce ta yafe, shi ke nan. Ku sake duba labarin Yusufu, wanda mu da ku duka muka sani. A namu Littafin ya raɗa wa ɗansa na fari suna Manassa, ma'ana Allah ya mantar da shi wahalarsa da gidan ubansa. Amma da 'yan uwansa suka zo awon hatsi nan take ya gane su, ya gwada su, ya ɓuya ya yi kuka ba sau ɗaya ba, kafin ya iya faɗin sunansa. Ya ciyar da su, ya zaunar da su. Da ajalinsa ya zo kuma, ya sa suka rantse za su ɗauki ƙasusuwansa su mayar ƙasar da aka sayar da shi. Mutumin da ya sa wa ɗansa suna mantuwa ke nan. Tsakanin ganewa da yafewa akwai surori da dama, kuma waɗannan surorin ne ba mu cika rubutawa ba.

Masu zuwa daga ƙauyukan da aka watse suna cewa gonakin da aka shekara ba a noma ba sun rufe, sabara ta kai kan mutum, hanyoyin ƙafa sun ɓace. Wasu daga cikin waɗanda ke zaune wajen Gidan Rumji sun yi ƙwadago a gonakin masu masaukinsu, sun ga yadda ake barin itace a tsakiyar gero. Wasunsu sun riga sun fara leƙa gida da rani, su duba rijiya, su ƙirga ɗakunan da ba su faɗi ba, su komo kafin la'asar.