Donot Ɗin Tuffa Da Hawayen Autata

Ranar da autata ta dawo daga makaranta idonta jawur, na zaci faɗan yara ne. Watan Oktoba ne, lokacin kaka a nan jihar New York ta Amurka inda aikin maigida ya kawo mu. Ganyen bishiyoyi duk ya rine ja da rawaya, iska ta fara cizo kamar farkon hunturu. An kai 'yan ajinsu gonar tuffa, domin jihar nan ce ta biyu a noman tuffa a ƙasar, bayan jihar Washington. Kowane yaro ya tsinki tuffarsa, aka raba musu donot mai ɗumi. Ita kaɗai ta ƙi karɓa, ta koma gefe tana haɗiyar yawu. Wai ta ji an ce da saida aka yi shi, ni kuwa na taɓa ce mata saida giya ce.

"Umma, kowa ya ci ban da ni," ta ce, sai hawaye.

Uwargida, jikina ya yi sanyi. Na ji daɗi da yarinya 'yar shekara 7 ta riƙe maganata a inda ba na ganinta, amma maganar tawa rabin gaskiya ce. A Ingila, inda yayata take aure, in aka ce saida barasa ake nufi, daga bakinta na ɗauko. A Amurka kuwa ruwan tuffa ne zalla, matsattse, ba a tace shi ba, shi ya sa yake da duhu-duhu. Mai sa maye sunansa daban, hard cider ake rubutawa a jikin kwalbarsa. Sai dai a kula, ɗanyen ma in ya daɗe a ajiye yakan fara kumfa da tsami, don haka ni ba na barinsa ya kwana biyu.

Na yi mata alkawari za mu yi namu ranar Asabar. Gwajin farko ban ji daɗinsa ba. Na tuttula ruwan tuffar cikin fulawa yadda na sayo shi, ƙullin ya tsinke, abin da ya fito ba ƙamshi ba ɗanɗano. Maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya, ita ta yi mini dariya ta ce ai sai an ƙone ruwan tukuna. Kofi 2 za ki ɗora a wuta ya yi ta tafasa, wajen minti 20, har ya koma rabin kofi ya yi kauri. A nan duk daɗin yake, kuma nan ne masu gaggawa irina suke faɗuwa.

In ya huce sai ki haɗa shi da ƙwai 1, madara rabin kofi, narkakken bota cokali 3 da sukari rabin kofi. Ki zuba a kan fulawa kofi 2 da kika sa wa bakin hoda ƙaramin cokali 2, kirfa da ɗan gishiri. Kada ki buga shi kamar ƙullin fanke, juyawa kaɗan ta isa, in ba haka ba ya yi tauri. Farantin gashinsa kamar tandar masa yake, sai dai kowane gurbi da ɗan tudu a tsakiya. Wuta digiri 180, minti 10 zuwa 12. A gona yawanci soyawa suke yi, ni dai na fi son gashi, ba ruwana da tsayuwa kan mai. Yana fitowa ki shafa masa bota, ki birkiɗa shi cikin sukari da kirfa tun da ɗuminsa.

Ƙamshin ya kai har matakala. Maigida, da ya ce shi ba ya cin kayan zaƙi, guda 3 ya tashi da su. Autata ta ci ɗaya a tsaye, sukari har hanci, sannan ta ware guda 2 ta naɗe a takarda ta ce na malamarsu ne, domin ranar gona malamar ta yi ta lallashinta ta ƙi faɗa mata dalili.