Taguwar Baba a Hanyar Anka zuwa Gummi

Ina ɗan shekara bakwai Baba ya shigo da ita gidanmu na Anka, a 2012. Toyota RAV4 ce ƙirar 2003, 'yar Kwatano, ruwan toka, da tayar safaya maƙale a ƙofar baya. Yaran unguwa suka cika ƙofar gida suna ihun "jif! jif!" Kakata kuwa da ta leƙo ta ga tsayinta sai ta ce, "Wannan ai taguwa ce." Sunan da ya bi ta ke nan har yau.

Baba malamin gona ne, kuma ba don ado ya saye ta ba. Motarsa ta farko gajera ce, kullum damina sai salansa ta daki ƙasa. Wanda bai taɓa bin hanyar Bagega a watan Agusta ba, ba zai gane amfanin tsayin mota ba. Laka ce da kwazazzabai da ruwan da ba ka san zurfinsa ba. Taguwa tana ja da ƙafa huɗu, don haka inda ƙananan motoci ke kafewa ita sai ta yi gurnani ta fita. A hanyar nan na fara jin labarin gubar dalma, wadda ta ɓulla a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mutane na niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar na shiga cikin yara, har fiye da 400 suka rasu. Ba sau ɗaya ba, Baba ya rage wa uwa da ɗanta hanya zuwa asibitin Anka. Ni kuma a mayar da ni can baya tare da buhunan iri, ina ƙunƙuni, don lokacin ban san me ke faruwa ba.

Tafiyar da na fi so ita ce ta Sallah. Mu tashi Anka da sassafe, mu yi yamma, a Nasarawar Burkullu mu ratse zuwa Bukkuyum mu gaida gwaggo. Ba ta taɓa barinmu mu tafi hannu sake ba: gero, daddawa, wani lokaci har da zabi biyu ɗaure. Daga nan mu dawo kan titi, mu wuce Ɗaki Takwas inda hanyar Zuru ta rabu, sai Gummi. Tun daga nesa za ka gane ka kusa gulbi, ga fadamun shinkafa, ga masu kifi. Mu bakwai muke shiga motar mutum biyar, kuma ban tuna ranar da ta bar mu a daji ba.

Kada ku ɗauka ba ta da laifi. Shokozoba ba ta daɗewa a hanyoyinmu. Na'urar sanyi ta mutu tun ina firamare, Baba ya ce ai gilashi na sauka. Amfaninta ɗaya wajen gyara: injin mai fulogi huɗu ne, kowane bakanike a garejin Gummi ya san cikinsa, kaya kuma in babu a kusa ana aikowa daga Gusau ko Sakkwato. Mai ne ya fi ba mu wuya. Kafin Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, da aka cire tallafi ta haura 500. Ku lissafa lita hamsin da kanku, ku da kuke shirin jarabawa.

Amma ba mai ne ya tsayar da Taguwa ba. Da 'yan bindiga suka yawaita a dazukan yankin, tsayin nan da muke alfahari da shi ya zama abin tsoro. Mai tare hanya ba ya tambayar shekarar ƙira. Daga nesa ya hango jif, ya ƙaddara mai kuɗi ne ke ciki, alhali malamin gona ne da albashinsa ba ya kai ƙarshen wata. A Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a duk Zamfara, Inna ta karɓe makullin ta ɓoye. Ta ce idan wani abu ya faru a hanya ko kira ba za a iya ba. Tun daga nan Bagega ta fita daga tsarinmu, Gummi ma sai rana ta take, kuma sai mun bi bayan motocin haya.

Hutun da ya wuce na dawo daga jami'a na tarar wani dillali na zagaya ta yana buga taya da ƙafa. Ya taya, Baba ya yi shiru. Da mutumin ya tafi na ce, "Baba, da gaske sayarwa za ka yi?"

Ya ce, "Innarku ta fi ni gaskiya. Amma in na sayar, da me zan kai kakarka asibiti in ruwa ya sauka?"

Washegari ya ba ni makulli ya ce in tayar da ita don kada batir ya mutu. Bugu ɗaya ta tashi. Na zagaya da ita cikin gari, na bi ta gaban fadar Sarkin Zamfara, na kai bakin hanyar Gummi, sannan na juyo gida.