Yaran Cocin Kizito a Nima

Cocin Katolika da ke unguwar Nima a Gana sunan yaro aka sa masa: Kizito, autan shahidan Uganda, wanda aka ƙone a Namugongo a 1886. Nakan tuna da shi ranar Lahadi, idan yara suka fito daga darasin addini, takalma a goge, suna ratsa lungu ta gaban masu koko da ƙosai.

A ganina, awa guda a mako ba ta mai da yaro mabiyin Almasihu. Babban aikin yana gidan haya, inda iyali ke cunkushe a ɗaki ɗaya, maƙwabta kuma yawanci Musulmi. Nan yaro ke lura ko uwa tana addu'a kafin ta ɗora tukunya, ko uba yana biyan bashi ba sai an biyo shi ba, da irin maganar da ke fita bakinsu in layin famfo ya rikice.

A 2019, yana gab da cika shekara 100, Babban Limamin Gana, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya halarci sujadar Ista a Cocin Christ the King. Da ni ne malamin ajin, da na ba yaran wannan labari kafin haddar aya.