Mutumin Da Ke Tsaye A Gefen Fili

Akwai wata sana'a mai ban tausayi, wadda in abu ya yi kyau a yabi wani, in ya ɓaci a nemi mai ita. Sana'ar nan ita ce ta mai horon 'yan wasa, wanda samari su ke kira koci. Ina so in ɗan yi magana a kan ɗaya daga cikinsu, watau Malam Sani Ahmed na ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars, domin a ganina mu da mu ke shirin zama malamai ba mu da dangi na kusa kamar irinsa.

Tun asali ma malami ne ya ƙago wasan. A shekarar 1891 wani mai suna James Naismith yana koyarwa a wata makarantar horo a garin Springfield na Amurka, sanyi ya hana ɗalibansa wasa a waje. Sai ya sa aka kafa kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace, ƙafa 10 daga ƙasa, ya rubuta dokoki 13, ya ce kowane ɓangare ya yi ƙoƙari ya jefa ƙwallo a ciki. Har yau bisan nan bai sake ba, ko da ya ke zobe da raga sun maye gurbin kwandon.

Ni kuwa cikin kwanduna na tashi. Mahaifina dillalin tumatir ne a Kasuwar Shasha ta Ibadan, inda manyan motoci ke sauke tumatir da tattasai da albasa daga Arewa. Ban taɓa ganin Baba ya ɗauki kwando a ka ba. In mota ta iso da asuba sai ya tsaya gefe, ya dubi kaya, ya ce, "Wannan a sayar yanzu, wancan ya kai gobe. Kai hau bisa, kai kuma tsaya ƙasa ka karɓa." Baƙo ya gan shi sai ya ce ba ya aikin komai. Amma ran da zazzaɓi ya kwantar da shi, ga yaran nan dai, ga kayan nan dai, sai a tashi kasuwa da asara. Saboda haka da na fara kallon ƙwallon kwando, idona bai tsaya kan masu tsalle ba, sai kan mutumin da ke tsaye a gefen fili.

To, ga abin da ya ke fama da shi. Yana da 'yan wasa 12, amma 5 kaɗai ke shiga a lokaci guda. Wasan minti 40 ne, kashi huɗu, kuma in ƙwallo ya zo hannunku ba ku da fiye da daƙiƙa 24 kafin ku jefa. Shi ba shi da ikon taɓa ƙwallo. Iyakarsa ya fid da wane ya sa wane, ko ya roƙi a tsai da wasa na minti ɗaya ya yi musu magana. A cikin minti ɗaya kuwa ba a koya wa mutum sabon abu, sai dai a tuna masa abin da aka yi wata da watanni ana maimaitawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A shekarar 2012 ne 'yan wasan Nijeriya maza suka fara zuwa wasannin Olimfik a ƙwallon kwando, a birnin Landan. Ayo Bakare ne babban mai horo, Malam Sani yana cikin mataimakansa. Suka fara da sa'a, suka ci Tunisiya 60 da 56. Sa'an nan suka gamu da Amurka, aka tashi 156 da 73. A wani gidan kallo a Sabo na ga wasan nan, kuma na ji irin ba'ar da aka yi. Wani tsoho ya ce ai wannan ba wasa ba ne, awon hatsi ne. Wanda ya sha irin wannan kaye a gaban duniya, ko ya ajiye sana'ar ba wanda zai zarge shi.

Shi dai Kano ya koma ya ci gaba da aikinsa. A 2013 Pillars ta ci kofin ƙasa, ta sake ci a 2014. A 2015 ƙungiyar Mark Mentors ta Abuja ta ƙwace, a 2016 ya komo da shi Kano. A ƙarshen shekarar nan kuma ya kai yaransa Alƙahira gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka, suka zo na uku, bayan Al Ahly ta Masar da Libolo ta Angola. Cin kofi sau ɗaya ana iya cewa sa'a ce, ko kuwa Allah ya ba ka wani dogon yaro. Amma a ci, a sake ci, a rasa, a komo a karɓa, alhali 'yan wasa suna zuwa suna tafiya, wannan ya nuna akwai abin da ke zaune a hannun mai koyarwa.

Duk da haka kofi ba shi ne iyakar ma'auni ba. A Zariya an yi wani Ba'amurke, Oliver Johnson, wanda ya daɗe ƙwarai yana horon 'yan wasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Cikin yaran garin da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya kafa Giants of Africa a 2003 don koya wa yaran Afirka wasan, kuma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors sa'ad da ta ci kofin NBA a 2019. Ran da aka ɗaga kofin nan ba a rubuta sunan malamin Zariya a jikinsa ba, amma Masai bai ɓoye wanda ya fara sa shi a hanya ba.

'Yan'uwana ɗalibai, mu ma haka za mu tsaya a gefe. Ran jarrabawa ba mu da ikon riƙe wa yaro alƙalami, ko minti ɗayan nan ma ba za a ba mu ba. Wata shekara ajinmu zai fāɗi, iyaye su yi ta magana, hedimasta ya kira mu ofis. Abin tambaya shi ne, ran Litinin ta gaba da wace fuska za mu shiga aji? Yaran da suka fāɗi suna kallon malaminsu su ga ko ya fid da rai da su. In ya fid da rai, sun fāɗi sau biyu ke nan. In kuwa ya ɗauki alli ya ce a koma darasin farko, to, akwai sauran magana. Allah ya ba mu haƙurin da aikin ke bukata, amin.