Mazaɓar da Ta Ɓace a Jimeta

Akwai wani dattijo a unguwar Damilu ta Jimeta wanda shekarunsa sun doshi 90. Duk sa'ad da ruwan Binuwai ya yi ambaliya ya shiga gidajen mutane, kamar yadda ya faru cikin 2012 da 2022, samarin unguwa sukan zo wurinsa neman shawarar wanda za a kai wa kuka. Shi kuwa yakan yi shiru, domin a tsawon rayuwarsa an sake wa mazaɓarsa suna da iyaka har ya daina ƙirgawa.

Yana yaro aka yi zaɓen 1951. A lokacin nan mazaɓa ita ce Lardin Adamawa ɗungurungum. Maza masu biyan haraji su ne suke taruwa a unguwa, a fili, su tsai da wakilai. Waɗannan su je su zaɓi wasu, waɗancan kuma su zaɓi na gaba, hawa-hawa har a kai ga taron Lardi, inda En'e take da ikon ƙara mutanenta. Taron nan shi ne mai aika wakilai Majalisar Jihar Arewa a Kaduna, daga cikinsu kuma a tsamo masu zuwa Ikko. Mai karatu ya duba da kansa: kafin muryar mai kwale-kwale na bakin kogi ta isa Kaduna, an tace ta kamar gasara. Haka 'yan NEPU suka gani a Kano, inda suka yi nasara a matakin farko, amma a taron ƙarshe ba su sami ko kujera ɗaya ba. Mahaifin dattijon nan ya tsaya a wancan taro na unguwa, ya koma gida bai san wanda ƙuri'arsa ta haifa ba.

Babban mutumin Adamawa a siyasar zamanin shi ne Alhaji Muhammadu Ribaɗu, tsohon Ma'ajin En'e, wanda ya riƙe Ministan Tsaro har rasuwarsa cikin 1965. Lamiɗo Aliyu Musɗafa kuwa ya hau gado cikin 1953.

Ran 12 ga Disamba 1959 shi kansa ya fara jefa ƙuri'a, a zaɓen Tarayya. Mutum ya shiga ɗaki shi kaɗai, ga akwatuna jere, kowane da alamar jam'iyyarsa: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. Ya ce hannunsa har rawa ya yi. Amma fa maza kaɗai. Mai ɗakinsa, wadda ta fi shi sanin farashin gero da kifi a kasuwar Jimeta, sai da ta jira har bayan 1976 kafin a ba matan Arewa wannan hakki. Wannan kam ba abin alfahari ba ne.

Daga nan sai canje-canje suka biyo juna. Yankin Mubi ya zama Lardin Sardauna bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Soja suka rushe majalisu cikin Janairun 1966. Cikin 1967 aka mai da al'amura Maiduguri, cikin 1976 aka kafa Jihar Gongola da hedkwata a Yola, inda Alhaji Abubakar Barde na GNPP ya ci gwamna a 1979. Cikin 1991 aka raba Gongola, aka sami Adamawa da Taraba, daga baya kuma Yola kanta ta rabu biyu, ta Arewa da ta Kudu.

Yau mutumin Damilu yana da kansila, da ɗan majalisar jiha na Yola ta Arewa, da wakili a Abuja wanda ya haɗa Yola biyu da Girei, ga kuma sanata. Ƙuri'arsa tana tafiya kai tsaye, ba mai tace ta. Duk da haka da samarin suka matsa masa bara, sai ya tambaye su ko akwai wanda ya san sunayen mutanen nan huɗu. Biyu kawai suka iya kawowa. Ya sa aka ɗauko takarda, aka fara rubuta wa kansila, domin shi ne kaɗai ake iya tararwa a masallaci.